Takun Auta

Ciwon ya fara ne daga dunduniyar hagu, cikin yana wata na shida. Da safe, idan Auta ta sauko da ƙafa daga gado, sai ta ji kamar ta taka ƙusa. Da yamma kuma, bayan ta wuni tsaye a bayan kantar shagon maganin da take aiki, ƙafafun biyu sukan kumbura har bakin takalmi ya bar shaida a fata.

A wurin awo nas ta gwada jininta, ta duba fitsari, ta ce babu abin tsoro. Ta danna yatsa a idon sawun, ta tsaya kallon ramin da ya bari.

"Nauyi ne ya ƙaru, jijiyoyi kuma sun saki. Dubi tafin ƙafarki, ya kwanta. Ki riƙa ɗora su a kan filo, ki tsoma su a ruwan sanyi, ki rage tsayuwa. Waɗannan kuwa," ta nuna takalman da ke ƙarƙashin benci, "ki ba su hutu. Bene ma, in ba dole ba, ki bar hawansa."

Takalman baƙaƙe ne masu ɗan tudu. Mahaifin Auta, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran takalma a bakin tasha, shi ya buga musu ƙarfe a dunduniya don kada su cinye. Tun da idonsa ya tafi, da ƙarar ƙarfen nan yake gane zuwanta. Yana zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, tare da ƙanwarsa da kowa ke kira Gwaggo. Kafin Auta ta kai hawa na biyu takan jiyo shi daga sama yana cewa, "A buɗe ƙofa, ga Auta nan."

Ta bi maganar nas sau da ƙafa. Mijinta ya ba ta silifas ɗinsa masu faɗi, ya riƙa ajiye mata kwalbar ruwa a firji, ta dawo daga aiki ta zauna tana murza ta da tafin ƙafa. Mai shagon ya yarda ta sa kujera a bayan kanta. Ciwon bai tafi ba, amma ya yi sauƙi. Gidan Baba kuwa ta ce sai mako mai zuwa. Da makon ya zo ta sake ɗagawa. Takan kira waya, sai dai Baba bai taɓa son waya ba. Yakan ce muryar da ba ta da ƙafa ba ya sanin ta wace ce. Sau biyu Gwaggo ta ce mata, "Yana ɗan rikicewa fa kwanan nan." Auta ta ɗauka tsufa ne irin wanda ta sani.

Cikin yana wata na takwas wanta, wanda ake kira Dogo, ya kira ta.

"Ran Asabar zan zo in ɗauki Baba. Gwiwoyin Gwaggo sun ƙare, ba za ta iya ba. Gidana ƙasa ne, babu bene."

"Yaya, tafiyar wuni guda ce fa. Ni yaushe zan iya zuwa?"

"Sai kin sauka lafiya. In kina son sallama, ki je kafin Asabar."

Washegari ta nemi izini a wurin aiki ta tafi. Ta hau benen tana riƙe da ƙarfen gefe, tana hutawa a kowace kwana, silifas ɗin suna jan ƙasa. Babu wanda ya yi magana daga sama. Sai da ta ƙwanƙwasa.

Gwaggo ta buɗe, ta dube ta daga fuska har ƙasa.

"Ikon Allah! Ke ce haka? Wannan ƙafa ai ta giwa ce. Takalmin wa kika sato?"

"Na maigidan ne, Gwaggo."

"Shi kuma yana yawo ba takalmi ke nan. Shigo." Ta juya wajen Baba ta ɗaga murya. "Mai guduma, ga Auta ta zo."

Yana zaune a kujerarsa kusa da taga, hannuwansa a kan gwiwa. Ya rame. Ya juya kunnensa wajen ƙofa.

"Auta ba ta zo ba," ya ce. "Da na ji ta."

Auta ta durƙusa iya yadda cikin ya bar ta. "Baba, ni ce. Ina wuni?"

"Lafiya lau, baiwar Allah. Daga wane gida?"

Ta faɗa masa sunan unguwarsu, da sunan mijinta, da shagon da take aiki. Ta tuna masa ranar da ya kai ta makaranta a kan kekensa, akwatin aikinsa ɗaure a baya. Yana saurare yana gyaɗa kai kamar mai jin labarin rediyo.

"Ashe kin san ta sosai," ya ce. "Ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Aiki ne ya yi mata yawa."

Gwaggo ta ja ta zuwa kicin ta rage murya. Tun watan jiya, in ji ta, muryoyi suka cakuɗe masa. Ita kanta wani lokaci da sunan mahaifiyarsu, ita da shi, yake kiranta. Abu ɗaya ne bai ɓace ba: ya san takun mai kawo ruwa, ya san na maƙwabcin da ke ɗingishi, kuma kullum da la'asar yakan ce a kashe rediyo don ya ji bene.

"Me ya sa ba ki faɗa mini haka ba?"

"Na faɗa miki yana rikicewa. Kika ce ƙafa. To ni in ce wa mai ciki ta hau bene ta faɗi?"

Da Auta ta koma falo, Baba ya ce, "Baiwar Allah, tafiyarki ta mai ciwo ce. Miƙo ƙafar in gani."

Ta zauna a kan tebur ƙarami ta ɗora ƙafar a cinyarsa. Yatsunsa suka bi dunduniyar, suka bi tafin, suka tsaya daidai inda ciwon yake. Ya danna da babban yatsa, a hankali, ya daɗe yana dannawa. Tun da abin ya fara babu wanda ya samu wurin daidai haka.

"Juna biyu gare ki. Ƙafar ta buɗe. Ta wasu takan koma, ta wasu ba ta komawa. Kada ki matsa ta cikin ƙaramin takalmi, ki sa a yi miki mai faɗi, a ɗaga tsakiya da soso." Ya sauke ƙafar. "'Yata ƙafarta siririya ce, tsakiyarta kamar gada. Ita ba ta da wannan matsalar."

Da ta koma gida ta ciro baƙaƙen takalman daga ƙasan gado ta goge su. Ta shafa wa ƙafarta mai. Yatsun suka shiga, sauran ya ƙi. Ta jiƙa ƙafar a ruwan ƙanƙara har ta daina jin ta, ta sake gwadawa. Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi.

"Uwargida, ko in kawo guduma ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ya ajiye kofin ya tsuguna ya taya ta turawa, har fatar bayan dunduniyar ta saluɓe ta fara jini. Ya zare takalmin ya riƙe shi a bayansa.

"Ya isa. Ko ya shiga, a haka za ki hau hawa uku? In kika gangaro, me zan ce wa mutane?"

"Ba ya gane ni."

"Ki sake yi masa magana. Ki daɗe a wurinsa."

"Na wuni a wurinsa. Ya yi mini godiya da na zo."

Mijin ya juya takalmin a hannunsa. Ya ƙwanƙwasa dunduniyarsa a kan siminti, ƙarfen ya yi ƙara. Suka dubi juna.

Ran Asabar da hantsi motar Dogo tana ƙofar benen, an riga an ɗaure katifa a samanta. Auta ta bar silifas a ƙasa. Ta zura hannuwanta cikin baƙaƙen takalman, ta sunkuya, mijinta yana riƙe da ƙugunta ta baya. Tana hawa ba takalmi, tana buga dunduniyoyin a matakalar da ke gabanta, dama, hagu, da saurin da take jin shi ne nata na da. Wata mata da ke shanya a hawa na farko ta tsaya da riga a hannu tana kallonsu. A hawa na biyu Auta ta ji an kashe rediyo a sama.

Ta ci gaba. Bayanta ya riƙe, numfashinta ya yi sama. Ƙofar a buɗe take, Dogo da Gwaggo suna tsaye cikin jakunkuna. Baba ya miƙe daga kujera da kansa, abin da Gwaggo ta ce ya daɗe bai yi ba, fuskarsa na fuskantar ƙofa. Bakinsa ya buɗe. Auta ta buga taku biyu na ƙarshe a kan dandamalin.

"Wane ne ke wasa da takalman 'yata?" ya ce.

Ya karkata kunnensa wajen dandamalin.

"Ƙarfen nawa ne, ni na buga shi. Amma babu mutum a cikinsu. Takalmin da ke ɗauke da mutum ba haka yake faɗuwa ba." Ya miƙa hannu. "Kawo su nan."

"Baba, ni ce Auta," ta ce. "Ƙafata ce ta kumbura, ba sa shiga. Shi ya sa ban zo ba. Da na zo ko da rarrafe ne."

"A'a, ke ce mai cikin nan ta rannan, na gane ki. Ina kika samo su?"

Dogo ya ce, "Baba, wallahi ita ce. Autarka ce."

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

Gwaggo ta taɓa hannun Dogo ta girgiza kai. Auta ta zare hannuwanta ta miƙa takalman. Baba ya shafa su, ya bi ɗinkin da farce, ya gwada ƙarfen hagu da yatsa.

"Ƙusa ɗaya ta yi sako-sako. Zan gyara mata. In ta zo nema, ku ce suna wurina."

Dogo da mijin Auta suka sauko da shi a kan kujerarsa, suna hutawa a kowace kwana. Auta ta biyo su a baya, Gwaggo na riƙe da hannunta, kowaccensu tana jingina da 'yar'uwarta. A mota aka zaunar da shi a gaba aka ɗaura masa bel. Dogo ya so ya sa takalman a but ɗin motar, Baba ya ƙi saki.

Auta ta leƙa ta taga. "Allah ya kiyaye hanya, Baba."

"Amin, baiwar Allah. Allah ya raba lafiya. Ki riƙa ɗaga ƙafar nan."

Motar ta fita daga layin ta sha kwana wajen gidan mai. Auta ta zauna a matakalar farko. Mijinta ya tsuguna ya duba bayan dunduniyar, ya ce ciwon ya sake buɗewa, sai sun biya ta shagon magani an wanke.