Karan Awo da Akwatin Ƙarfe

Mailafiya ya shimfiɗa bindigar a tsakar gida, ya zaro karan gero mafi miƙewa daga jikin danga, ya jera shi da ita, ya datse shi da wuƙa daidai bakinta. Matarsa Salamatu tana tsaye a ƙofar ɗaki da ƙwaryar jiƙo a hannu.

"Malam, Hawwa ta kwana da zazzaɓi. Ko za ka leƙa ta?"

"In na dawo."

"Ina zuwa da kara da sassafen nan?"

"Tanut. Akwati zan sayo."

Ba ta ƙara tambaya ba, don ta san ko na mene ne. Bara da kaka, lokacin da tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonaki, ƙanenta Ila ya shigo gidan nan a guje, ya fizgo bindigar daga jinka don ya je ya kore su. Ba wanda ya gaya masa a ɗure take. Ta tashi a hannunsa, ta sami Raishatu, babbar 'yarsu, tana zaune tana tsefe wa ƙanwarta Hawwa kai. Alƙali ya ce kuskure ne. Jandarma suka tafi da Ila gidan kaso a Damagaram, ga shi ba a rufa shekara ba sun sako shi. Maigari ya hana shi shiga gari, ya ce ya zauna a bukkar gonarsu bayan maƙabarta har zukata su huce.

Su huce? Ta Mailafiya dai ko hanyar hucewa ba ta kama ba. Da yake tsohon soja ne mai takardar izini, an mayar masa da bindigarsa, amma birgadiye, shugaban jandarman Tanut, ya riƙe harsasan. Ya ce sai ya ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo da idonsa, kuma kada bindigar ta fita gida kafin nan. To, akwati suke so? Za su ga akwati. Shi kuma ya karɓi harsasansa, Ila ya ga abin da zai gani.

Ya hau jaki, kara a hannu, fuska a murtuke. Bai wuce rijiya ba tsohuwa Yagana ta sauke tulunta ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Mailafiya, wa kuma muka rasa?"

"Ba kowa, Iya."

"To wannan kara fa? Ka tsinka mini hanji, ɗan nan!"

Gaskiyarta. A garin, in aka yi rasuwa, kara ake datsewa daidai tsawon mamaci a kai maƙabarta, masu haƙa su bi shi. Mailafiya ya sani sarai, shi kansa ya sha kaiwa, amma yau kansa ba ya wajen. Kafin ya fita gari mutum biyu sun sake tare shi da salati, har ya fara jin kamar ya kwaɗa wa na ƙarshen karan a ka.

Hanyar Tanut ta gefen maƙabarta ta bi. Ya sauka, ya tsuguna a kan kabarin Raishatu, ya ajiye karan a gefe don ya ɗaga hannu. Addu'ar ba ta fito ba. Idonsa ya faɗa kan karan, ya ga kusan tsawonsu ɗaya da tudun kabarin. Ya kwance igiyar jaki, ya gwada ta da karan, ya ƙulla a daidai wurin. Karan kuwa ya bar shi nan kwance, don ba zai iya sake taɓa shi ba.

"Ki ƙara haƙuri kaɗan, uwata," ya ce da kabarin. "Wallahi wanda ya kwantar da ke nan ba zai ga kakar bana ba."

Ranar kasuwa ce, Tanut ta cika da raƙuma da buhunan gero. Ya nufi rumfar Idi, mutumin Damagaram mai sayar da tarkacen da sojan Faransa suka bari a bariki: jarkoki, barguna, tukwanen ƙarfe.

"A'a, soja! Yau kai ne a rumfata? Ko lefe za a haɗa ba mu ji ba?"

"Dogon akwati nake so. Mai ƙarfi."

Idi ya jawo wani kore daga ƙarƙashin tarkace, ya kakkaɓe shi, ya hau kansa ya yi tsalle don a ga ba ya lotsawa. Mailafiya ya miƙa igiyarsa a ciki. Ƙullin ya zauna, har da sauran wuri. A kusurwa akwai ɗan gida mai murfinsa daban.

"Nan harsashi ke zama," in ji Idi. "Bindiga ce, ko? Ka yi dabara, wallahi. Mutanenmu sai su soke ta a jinka kamar lauje, yara na wasa a ƙasa. Da kowa zai yi irin naka, da..." Ya dubi fuskar Mailafiya, ya tuna labarin da ya ji. "Allah ya jiƙan yarinya. Ka yafe ni, bakina ne."

"Kwaɗo."

Idi ya ba shi babban kwaɗo mai makulli biyu, bai ko tsaya dogon ciniki ba. Yana taya shi ɗaurawa a kan jaki ya ce a hankali, "Ta shiga ta yi barcinta ke nan."

"Ba don ta yi barci na saya ba," in ji Mailafiya.

A ofishin jandarma birgadiye ya buɗe akwatin, ya rufe, ya ja kwaɗon, ya gyaɗa kai. Ya miƙo masa 'yar jakar fata da harsasan. "Bindiga wurinta daban, waɗannan wurinsu daban. Makulli a wuyanka. Ka ji ni, tsohon soja?" Mailafiya ya ƙame ya sara masa kamar yana bakin aiki. Ya rataya jakar a jikin akwatin ya kamo hanya, yana tafe yana tsara yadda za a yi: ya isa gida, ya ɗauki bindiga, ya zagaya ta bayan gonaki. Sai ya sa Ila ya dube shi ido da ido tukuna.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya iso maƙabarta. Daga nesa ya hango ƙasa tana tashi tana zuba, daidai gefen Raishatu. Ya matsa. Mutum ne a cikin rami har ƙugu, ba riga, haƙarƙarinsa duk a waje. Da ya ɗago kai, sai ga Ila.

Mailafiya ya diro daga jaki. Kai, ina ma bindigar tana hannunsa!

"Uban me kake yi kusa da 'yata?"

Ila ya ajiye magirbi, ya fito daga ramin, ya durƙusa. Tafin hannunsa duk ya fashe.

"Yaya, Allah ya jiƙan Hawwa. Na san ba ka son ganina, ba ni da fuskar zuwa gaisuwa. Na ji ba ta da lafiya, na zo na tarar da kara, maza duk sun tafi kasuwa, na ce ko wannan in yi mata."

"Hawwa?"

Maganar Salamatu ta safe ta dawo wa Mailafiya. Hawwa ta kwana da zazzaɓi, ko za ka leƙa ta? In na dawo. Bai tuna kara ba, bai tuna jaki ba, bai tuna akwati ba. Ya zubar da takalmansa ya zura da gudu, soja guda mai furfura a gemu, yana faɗuwa cikin kunyoyi yana tashi, yana kiran sunan Allah da ƙarfi kamar yaro.

Ya banka cikin gida. Hawwa tana zaune a tabarma jingine da uwarta, tana kurɓar kunu da ludayi. Ya zube gabanta, ya kama fuskarta da hannu biyu. Goshin da ɗumi, amma zazzaɓin ya sauka.

"Lafiya, Malam?" in ji Salamatu.

Ya sake taɓa goshin nata. Sai da numfashinsa ya dawo ya tuna karan da ya yar da hannunsa. Kunya ta rufe shi, kunyar kuma nan take ta koma wuta. Wato bai ishi Ila ya kashe ɗaya ba, sai ya haƙa wa ɗayar kabari tana da rai! Ya faɗa ɗaki ya fito da bindiga. A tsakar gida ya tsaya cak: harsasan suna can kan jaki.

Sai aka yi sallama a ƙofar zaure. Ila ne, riƙe da igiyar jakin, akwatin na nan ɗaure. Jakar fatar kuwa tana hannunsa. Ya san ko mece ce, ya kuma san don wa aka karɓo ta, domin duk garin ba wanda bai ji rantsuwar Mailafiya ba. Ya shigo, ya durƙusa, ya miƙa ta da hannu biyu.

"Ga kayanka, Yaya. Na ji muryarta daga waje. Alhamdu lillahi."

Mailafiya ya fizge jakar, ya zaro ɗaya, ya ɗura. Da jin ƙarar ƙarfen Hawwa ta saki ludayi, ta ƙwalla ƙara, ta cusa kanta cikin zanen uwarta. Ita ce fa ake tsefe wa kai ran nan.

Salamatu ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe shi ba. Ta rungume yarinyar ta dube shi.

"Harbe shi, Malam. Ƙanena ne, amma ni ma tun ranar ban iya kallon hannunsa ba. Sai dai in ka gama ka ɗura na biyu. Wa ya cika ta ya soke a jinka, a kan 'ya'yana? Na yi maka magana sau nawa? Ka ce ni mace ce, me na sani a bindiga. Shekara guda ina haɗiye wannan maganar. Yau da safe ka tsaya ka auna ƙarfe, ba ka taɓa goshin 'yarka ba."

Bakin bindigar yana saitin ƙirjin Ila, Ila ya rufe ido, yarinya tana ta shessheƙa.

Mailafiya ya dubi 'yarsa. Sannan ya sauke bindigar, ya zare harsashin. Ya fita da kansa ya kwanto akwatin, ya dire shi a tsakar gida. Ya kwantar da bindigar a ciki, ya zuba harsasan a ɗan gidansu, ya rufe, ya danna kwaɗo. Ya yanka igiyar awon nan biyu, ya zura wa kowane makulli ɗaya. Ya rataya ɗaya a wuyansa. Ɗayar ya je ya zura ta a wuyan Ila, ya ja ƙullin har sai da Ila ya yi tari.

"Ban yafe ba," ya ce. "Kada ka ji a ranka na yafe. Wannan ba za ka cire shi ba, ko wanka kake, ko salla. Duk safiya in ka tashi ka ji sanyinsa a ƙirjinka, ka kira sunanta. Ran da na gan ka babu shi a wuya, ka san nawa yana nan."

"Na ji, Yaya." Ila ya share ido da bayan hannu. "Naka fa?"

Mailafiya ya taɓa makullin da ke wuyansa. Ya ɗauki fartanya daga jikin rumbu.

"Tashi," ya ce. "Ba a barin kabari ya kwana a buɗe. Kai ka haƙa, ni na kai kara."