Karo a Bakin Matakala

Fim ɗin na soyayya ne da barkwanci, kuma darakta ya riga ya tsara yadda zai buɗe: budurwa ta sauko daga matakalar kanti da ledar lemu, saurayi ya taho a guje yana waya, su yi karo, ta faɗi, lemu ya watse. Su yi cacar baki, sannan su haɗa ido.

"Haka ake buɗe irinsa," in ji darakta. "In ba a yi dariya tun farko ba, sai a watse a bar ka da kujeru."

Budurwar fim ɗin matar mai kyamara ce, Auta, ƙanwar daraktan. Ƙaramin ciki gare ta, kuma tun ɓarin da ta yi bara ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba sai cikin ya yi ƙwari. Ko yayan nata.

Aka fara ɗauka. Dogo, mai fitowa a saurayin, ya ɗan taɓa kafaɗarta, ta sulale ƙasa a hankali tana dafe da bango.

"A tsaya! Auta, faɗuwa na ce, ba hutu ba. Kai Dogo, bangaje ta da gaske, ba ƙwai ba ce. Ke kuma ƙara hawa sama, daga can nake so ki faɗo."

Ma'aikata suka yi dariya. Ta cikin kyamara mijin ya ga gumi a goshinta, ya ga yadda ta kare mararta da ledar lemun. Matakalar siminti ce, bakinta da kaifi.

"Yaya, hasken ya canza," ya ce. "Mu bari zuwa gobe."

"Hasken lafiya lau. Kama aikinka."

Auta ta dube shi ta girgiza kai kaɗan. Darakta ya ba da umarni, Dogo ya kwaso da gudu, kafaɗa a gaba.

Mijin bai san lokacin da ya saki kyamara ba. Sai ganinsa aka yi tsakaninsu, ya tare Dogo da ƙirji, suka zube tare a ƙasa.

"Ka haukace ne?" Darakta ya yi kansa. "Kishi a wurin aikina? In ba za ka iya ganin an taɓa matarka ba, tattara ka tafi!"

Mai kyamara ya miƙe, gwiwar hannunsa na jini.

"Yaya," Auta ta ce daga sama, "ciki gare ni."

Darakta ya dubi matakalar, ya dube ta. Da kansa ya hau ya riƙo hannunta, ya zaunar da ita a kujerarsa.

"Ni za ki ɓoye wa? Da wani abu ya same ki fa, me zan ce wa Mama?"

Ranar ba a ƙara ɗaukar komai ba. Darakta ya ce gobe Dogo ne zai faɗi, ita ta tsaya a kansa tana masifa.

A mota ta kau da kai daga mijin, tana kallon taga.

"Ban faɗa ba dai," ya ce.

"Ai ka sa na faɗa." Ta dafe bayanta. "Bi ta asibiti, ina jin wani iri."

Ya juya kan motar. Likita ta duba ta, ta ce cikin lafiyarsa ƙalau, gajiya ce kawai, sannan ta tura shi a wanke masa gwiwar hannu.