Marmaron Ƙarƙashin Ceɗiya

Ranar da aka zaɓi Joanina shugabar kwamitin ruwa na Hatulelo, Ermelinda ce ta fara tafi, ita ce kuma ta ƙarshen dainawa, har tafin hannunta ya yi ja. Ba wanda ya lura ba ta dariya.

A harabar coci aka yi taron, bayan an taso daga sujadar Lahadi. Ƙungiyar agajin da ta zo daga ƙetare ta yi alkawarin bututun da zai sauko da ruwa daga kan dutse zuwa tsakiyar gari, da irin kayan lambu da mata za su shuka da rani. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta sassauta ba: rabin kwamitin mata, shugaba ma mace. Maza sun yi gunaguni, amma da mota ta sauke buhunan siminti sai gunagunin ya lafa. Da baturiyar ƙungiyar ta ce a kawo wadda ta iya karatu da rubutu, gari duka ya juya ya kalli Joanina, 'yar ƙanen uban Ermelinda, wadda ta yi shekara shida tana makaranta a Dili, babban birnin ƙasar, ta dawo da farar waya da tafin ƙafa mai laushi kamar na jariri.

Ita kuwa Ermelinda tun tana shekara bakwai take ɗiban ruwa. Gidansu ne na ƙarshe a can sama, bayan gonakin kofi. Sauran gari rafin ƙasa suke sauka, tafiyar sa'a guda zuwa da dawowa. Tun da mahaifiyarta ta rasu, maƙwabtansu biyu kuma suka yi ƙaura, ita kaɗai ke hawa marmaron kan dutse.

Shi ya sa ita aka haɗa da Zeferino ranar da ya fara zuwa, a tsakiyar damina. Shi ne ma'aikacin ƙungiyar mai auna ruwa, dogo, mai wushirya, da takalmin da bai san taɓo ba. Ya karɓi jarkarta wai zai taya ta, bai yi taku ashirin ba santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas yana dariya har da hawaye.

“Mana Linda,” ya ce, yana miƙo mata hannu ta ɗaga shi, “ke kika san dutsen nan. Ni baƙo ne, ki riƙe ni da kyau.”

Mana, wato yaya, haka ake ce wa kowace mace don girmamawa. Amma Ermelinda ta kai maganar gida kamar wadda ta tsinci ƙwai, ta yi ta juya ta tana surfen masara, tana ba alade abinci, tana wanke ƙafar mahaifinta.

Ran nan babban idon marmaron yana ambaliya, ƙararsa ta hana su jin juna. Zeferino ya tara bokiti, ya duba agogo, fuskarsa ta washe. Ermelinda ta san abin da bai sani ba. Wannan babban ido ruwan damina ne. Da rani ya yi nisa yakan ja baya, ya koma ɗigo, ya bar busasshen dutse wata biyu cur. Wanda ba ya ƙafewa yana can gefe, taku arba'in cikin duhuwa, a ƙarƙashin saiwar wata tsohuwar ceɗiya, siriri kamar ɗan yatsa. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai kunya ta kama ta, don harshen birni yana yi mata gardama a gaban baƙi. Ta ce a ranta, in ya dawo ta kai shi can su biyu, ya zama tsarabarta gare shi.

Ya dawo bayan mako uku da Joanina a bayan babur ɗinsa, ta riƙe gefen rigarsa da yatsu biyu.

Daga nan kullum tare suke. Tare suke zagaya gidaje, tare suke shan kofi a barandar mai gari, kansu a sunkuye kan takarda ɗaya. Ƙungiyar ta kai Joanina garin Aileu kwana huɗu a koya mata gyaran famfo, ta dawo da hula mai tambari da sababbin kalmomi. In ta ce “ni da Maun Zefe mun yanke”, wato yaya Zeferino, Ermelinda takan ji kamar an ɗiga mata man gyaɗa mai zafi a ƙirji.

“Mana, ba ki taya ni murna da hular ba,” in ji Joanina wata safiya da suka haɗu a bakin shago.

“Na taya ki, ranki ya daɗe. Ai sai a sa miki kujera a bakin famfon, kada rana ta taɓa hular.”

“Ke dai bakinki. Ki zo taro gobe, don Allah. Mata ba sa magana, ni kaɗai nake ta surutu kamar rediyo.”

“Me ɗan dako zai ce a gaban masu biro? Mu namu ɗauka.”

Joanina ta yi dariya, ta ɗauka wasan da suka saba ne tun suna yara. Wannan dariyar ma ta ƙona Ermelinda, don ko fushinta ba a gani.

Ta je taron. Tiu Anacleto, wato kawu Anacleto, dattijon da ke riƙe da al'adun gari, ya tashi ya ba da labarin yadda ya hau dutse ya yanka jan zakara a kan babban ido, ya duba hanta, kakanni suka amince a taɓa ruwan. Zeferino ya tambaye shi cikin ladabi ko marmaron yana ƙafewa.

“Ƙafewa?” Tiu Anacleto ya tofar da jan yawun bua, goron ƙasarsu, da yake taunawa. “Shekara hamsin ina hawa wurin nan, yaro. Ban taɓa samun sa a bushe ba.”

Gaskiya ya faɗa. Sau ɗaya yake hawa a shekara, bayan ruwan farko ya jiƙa ƙasa, ya yi yanka ya sauko. Bai taɓa zuwa da jarka ba.

Baturiyar ta ɗaga hannu, Joanina ta fassara: akwai macen da ke da abin cewa? Maganar tana bakin Ermelinda, tana jin nauyinta a kan harshe. Sai ta ga Zeferino ya ɗan sunkuya ya cire wani ganye daga gashin Joanina, ba tare da ya ko duba ba, kamar abin da hannunsa ya saba. Ermelinda ta haɗiye maganar. Ta ga watan Oktoba, ƙarshen raninsu, a idonta: famfo yana tari ba ruwa, mata sun zagaye shugaba da hularta, shi kuma yana tsaye yana neman wanda ya san dutsen. Abin ya yi mata daɗi, daɗin da ya sa ta kasa cin tuwon masararta da ta koma gida.

Damina ta wuce, hanya ta bushe, aka sa ranar zuba siminti. Ana jibi, Ermelinda ta sauko da rogo za ta kai wa Tia Domingas, wato inna Domingas, tsohuwar da ke riƙon jikoki uku a gidan da ke bayan coci. Ta same ta a tsakar gida da adda a hannu, ta raba jarka biyu gida-gida, ta cika su da baƙar ƙasa, tana shirin saran ta uku.

“Tia, me kike yi haka?”

“Reno, 'yata. An ba mu irin tumatir da kabeji, an ce a fara tayar da su a inuwa. Ga tukwane kyauta.”

“Ki bar ɗaya mana.”

“In yi me da ita? Shekara sittin ina bauta wa abin nan, yau ni zan sare shi.” Ta yi dariya da ragowar haƙoranta. “Bana ma ban ajiye rogon rani da yawa ba, na sayar na yi wa yaran takalma. Lambu zai riƙe mu. Ba ni kaɗai ba, leƙa gidan Adelina ki gani.”

Addar ta sauka. Ermelinda ta tsaya tana kallon jarkar ta dare biyu. Ta ajiye rogon ta fita ba sallama. A hanya ta leƙa gidan Adelina, da na gaba da shi. Ko'ina rabin jarka ne a jere a gindin bango, da 'yan koren tsiro suna leƙowa.

Duk da haka ba ta yi magana ba ran nan, ba ta yi ba washegari. Sau biyu tana saukowa har bakin gonar kofi tana komawa. Abin da ke tsayar da ita yanzu har da tsoro, don duk wanda ya ji zai tambaye ta tun yaushe ta sani.

Ranar aikin gari duka ya hau dutse, maza da siminti a kafaɗa, mata da yashi a buhu. An riga an kafa katakai a kewayen babban ido, ruwansa har yanzu yana gudu gwanin sha'awa. Joanina ta iso a ƙarshe da rabin buhu, tana ɗingishi, ta zube kusa da Ermelinda ta tuɓe takalmi. Dugaduganta sun sale.

“Kada ki yi mini dariya, Mana.”

“Ban yi ba.”

“Kwana uku abinci ba ya shiga mini. Kin san abin da mazan nan ke jira. In abin nan ya lalace ba za su ce bututu ba ne, za su ce an ba mace. Kuma ba za a sake ba wata ba har mu mutu.”

Ermelinda ta kalli dugadugan. An fara kwaɓa siminti, tana jin ƙarar shebur. Ta miƙe, ta nufi inda Zeferino yake durƙushe.

“Maun Zefe. A dakata.”

Ya ɗago da murmushi. “Mana Linda, ina kika shige kwana biyu?”

“Wannan idon yana ƙafewa. Satumba yake fara ja, Oktoba babu ko ɗigo. Zo ka ga.”

Ta shiga duhuwar, ya bi ta, mutane suka biyo su. A gindin ceɗiyar ta ɗage saiwoyi da hannu. Ga ɗan ruwan yana zuba ta tsagin gorar da ta kafa da kanta, ga gwaza ya yi kore shar a kewaye, ga dutsen da gindin jarkarta da ta mahaifiyarta ya cinye har ya yi kwarmi. Zeferino ya taɓa kwarmin, ya sa hannu a ruwan, ya koma ya taɓa na babban ido, ya dawo. Ya daɗe yana tara bokiti yana duban agogo.

“Kaɗan ne,” ya ce, “amma in tanki yana tarawa ba tsayawa, zai ishi gari da lambu. Joana, zo ki gani. Saura ƙiris mu binne aikinmu.”

Aikinmu. Ermelinda ta sunkuyar da kai.

Tiu Anacleto ya fara faɗa, wai kakanni a can suka amince ba a nan ba. Tia Domingas ta ce masa kakannin ma da rani a nan matansu suka ɗebo musu, in zakara ne matsalar ta ba da nata. Aka yi dariya, dattijon ya tafi neman wuƙarsa yana mita.

Joanina ce ba ta yi dariya ba. Ta matso ba takalmi, ta tsaya gaban 'yar'uwarta, ta yi ƙasa da murya, amma Zeferino yana kusa.

“Tun yaushe kika sani, Mana?”

“Tun ina shekara bakwai.”

“Wata uku kina zama a taro. Na roƙe ki ki yi magana.”

Ermelinda ta so ta ce kunya ce, ta so ta ce ba a tambaye ta ba. Idonta ne ya ci amanarta, ya tafi wurin Zeferino ya dawo. Joanina ta bi kallon, ta gane, fuskarta ta yi wani iri, rabi ciwo rabi tausayi, kuma tausayin ya fi yi wa Ermelinda zafi. Shi ma ya ji komai. Ya ce, “Mun gode, Mana Ermelinda,” da cikakken sunanta, da irin muryar da yake yi wa mai gari magana, ya juya ya ce a tumɓuke katakan.

Aka kwashe kaya zuwa gindin ceɗiya. Joanina ta rubuta wani abu a littafinta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Na sa sunanki mai kula da marmaro. Ba don na huce ba. Ba wanda ya san shi sai ke.”

Ermelinda ta koma ta ɗauko buhun yashinta. Da ta dawo ta tarar suna awo, shi ya riƙe bakin igiyar a kan saiwa, Joanina ta ja ɗaya bakin tana ɗingishi da baya, yana ce mata ta yi a hankali. A wurin nan ne ta so ta kawo shi su biyu. Ta juye yashin inda aka nuna mata, ta goge fuska da gefen zane, ta juya ɗauko wani.