Waƙar da Hajara Ta Ce a Goge

Ƙasimu ne mai ɗaukar murya a wani ƙaramin kamfanin kaset a Omdurman ta ƙasar Sudan. Shekara shida yana ɗaukar waƙoƙin Hajara, zabiyar biki daga unguwar Hajj Yusuf, mai waƙa da Hausa tana sirkawa da Larabci. A 1998 ta zo yin sabon kaset. Da suka gama waƙa ta bakwai 'yan amshi suka fita shan shayi, ita kuwa ta zauna rungume da gangarta. Can sai ta fara wata waƙa ƙasa-ƙasa. Na'ura na juyawa, Ƙasimu bai kashe ba.

Waƙar ɗanta Hamid ce. An kama shi a tashar mota aka kai shi aikin soja na dole, aka tura shi yaƙi a Kudu, kuma wata huɗu ke nan da zuwan labarin rasuwarsa. Ta kira sunansa, muryarta ta karye, ta yi kuka, ta ci gaba. Da ta ɗago sai ta ga jar fitilar na'ura a kunne.

"Ya Ƙasimu, ɗauka ka yi?"

"Na ɗauka, Hajja."

"Goge shi. Mahaifiyata Gogo ba ta sani ba. Ita ta raine shi, ga ciwon zuciya, ga ido ya tafi. Mun ce mata yana Bur Sudan yana aiki. Zaman makoki ma a gidan dangin ubansa aka yi. Sai ta ji ƙarfi zan gaya mata."

"In Allah ya yarda zan goge."

Bai goge ba. Tun da ya fara aikin bai taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba, sai ya kasa gogewa. Bayan kwana uku ya kunna wa mai kamfanin, Ustaz Idirisu, don kawai wani ya taya shi ji.

Ustaz Idirisu ya share ido ya ce, "Iyaye mata nawa ke wannan kukan a garin nan? Za mu sa shi a ƙarshen kaset, ba sai an rubuta a marfi ba."

"Ta ce a goge, Ustaz. Mahaifiyarta ba ta sani ba."

"Abin da aka ɗauka a ɗakin nan na kamfani ne. Tsohuwa makauniya ina za ta ji kaset?"

Ƙasimu ya koma kan na'ura. Shi da hannunsa ya gyara sautin.

Cikin mako biyu babu motar haya a tashar kasuwar Suk al-Shabi da ba ta sa waƙar. Hajara na cikin mota za ta biki unguwar Kalakla ta ji kukanta yana fitowa ta lasifika. Ta sauka ta juya gida, amma an riga ta. Wata maƙwabciya da ba ta saurari kaset ɗin har ƙarshe ba ta kai wa Gogo don ta faranta mata. Gogo ta ji duka, ta ce a maimaita mata, sannan ta ce a shimfiɗa tabarmi, masu gaisuwa za su zo.

Bayan mako guda Hajara ta zo kamfanin. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zauna ba.

"Gogo ta ce wata huɗu ina cin abinci da ita kwano ɗaya ina yi mata ƙarya, har direbobi sun riga ta sani. Na so in gaya mata ina riƙe da hannunta, ya Ƙasimu."

"Ki yafe mini, Hajja."

"Ban iya ba tukuna."

Gogo ta ƙara shekara biyu a duniya, tsakaninta da 'yarta gaisuwa kawai. Hajara ta ci gaba da waƙar biki, amma ba ta sake yin kaset ba, kuma duk inda aka roƙi waƙar Hamid sai ta ajiye ganga. Ƙasimu ya bar kamfanin ya koma gyaran rediyo a Kalakla. Da Gogo ta rasu ya je Hajj Yusuf, ya zauna cikin maza a ƙarƙashin rumfa, ya aika ciki a ce wa Hajara yana yi mata ta'aziyya. Aka dawo aka ce ta ji, ta gode. Ya jira ko za ta aiko a kira shi har aka yi la'asar, sannan ya tafi neman mota.