Tabon Ruwan Sanyi

"Ƙarfe huɗu zan iso," in ji Yaya, babban wanta, ta waya. "Ke dai haɗa kayanki, Auta. In mijin naki yana da magana, ya same mu a gida."

Malama, wadda a gidansu ake kira Auta, ta ajiye wayar a kan jaka. Jakunkuna biyu ne, tun jiya ta zuge su. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Abu ɗaya ya rage da ta rasa yadda za ta yi da shi, yana bakin tagar falo cikin 'yar tukunyar ƙasa: fulawarta, mai ganye kauri-kauri masu gashi kamar kunnen kyanwa. Da tana fitar da fure shuɗi mai duhu. Yanzu ganyen duk sun yi laushi, sun kwanto a bakin tukunya.

Ranar da aka gaya mata tana da ciki ta sayi fulawar, a hanyar dawowa daga asibiti. Cikin ya kai wata biyar ya zube. Yau kwana arba'in da uku ke nan. Mijinta, mai gyaran firji da kowa ke kira Injiniya, ya dawo da ita gida ranar Laraba, ya ce ta yi haƙuri. Ranar Alhamis da safe ya saɓa jakar kayan aiki ya tafi shago. Ɗan gadon jariri da suka saya tare kuwa, ko alamarsa babu a ɗaki, ya kawar da shi tun tana kwance a asibiti. Daga nan magana ta ƙare a gidan, sai "an tashi lafiya" da "abinci na kan tebur". Ita a ganinta, mutumin ya share abin kamar yadda yake share mai a hannunsa.

Fulawar ce kaɗai ta rage wadda ta san da zaman cikin nan. Tsohon da ya sayar mata ya ja kunnenta cewa ba a zuba wa irin wannan fulawa ruwa ta sama. Sai a sami roba, a zuba ruwa mai ɗan ɗumi daidai gaɓar yatsa biyu, a zaunar da tukunyar a ciki ta sha ta ramin gindinta. Haka Malama take yi bayan Injiniya ya fita. Takan zauna a ƙasa ta jingina da kujera, ta zuba wa ruwan ido yana raguwa a hankali ba tare da ko ƙara ba. A wannan ɗan lokacin falon kan yi mata nisa. Labule ya riƙa numfashi, hasken rana ya yi ta rawa a silin, sai ta ga kamar ɗakin gaba ɗaya yana zaune cikin wata babbar roba, ruwa na hawowa ta ƙafafun kujeru, ta ƙafafunta, har ya iso inda yaron yake kwance da. Wani lokacin takan ji motsi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Da ganyen suka fara langaɓewa, sai ta ce ƙishi ne. Daga sau ɗaya a mako ta koma sau biyu, daga baya kullum. Abin sai gaba yake yi.

Ta yafa mayafi, ta ɗauki wayarta, ta rungumi tukunyar, ta fita. Ko za ta bar gidan nan, ba za ta tafi da gawa a cinya ba.

Titi ya yi tsit da zafin hantsi. Ta wuce shagon aski, ta wuce mai wankin mota da ke feshin ruwa, ɗan bakan gizo na rataye a kan tiyonsa. Tana tafiya kamar ba ƙafarta ke taka ƙasa ba. Rumfar Baba Mai Fulawa tana bayan tashar bas, an rufe samanta da koriyar raga, duk wanda ya shiga sai ya koma kore har fararen idonsa.

"A'a, 'yata! Me kika yi wa 'yar mutane haka?" in ji tsohon, yana goge hannu a gaban riga.

"Wallahi Baba yadda ka ce haka nake yi. Ta ƙasa, ruwa mai ɗumi. Sai shanyewa take yi, ni kuma ina ƙara mata."

Ya karɓi tukunyar, ya jinjina nauyinta, ya kai hanci. Ya yamutse fuska. Sannan ya kifa ta a tafin hannunsa, ya buga gindin sau biyu, ƙasar ta fito dunƙule tana ɗiga. Saiwoyin sun yi baƙi, suna tsinkewa kamar jiƙaƙƙen zare.

"Wannan ba ƙishi ba ne, nutsewa ta yi. Fulawar da ruwa ya yi wa yawa, kwanciya take yi kamar mai jin ƙishi, sai mai ita ya ƙara mata. Ke ba malamar makaranta ba ce? Yaron da ya ƙoshi ma ai gyangyaɗi yake yi a aji." Ya ɗaga wani ganye ya kara shi a haske. "To tsaya. Wa kuma yake zuba mata ta sama?"

"Ba kowa."

"Akwai kowa. Dubi nan." Ya nuna mata wasu tabo fari-fari masu zagaye a kan ganyen da ke ɓangaren bango, ya kuma nuna wani ɗan rami a saman ƙasar, inda ruwa ya daɗe yana sauka wuri ɗaya. "Wannan tabon ruwan sanyi ne. Ba na famfo ba, na firji, mai ƙanƙara. Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin fulawa ta buɗe firji da kanta ba. Ku nawa ne a gidan?"

Malama ta shafa tabon da yatsa. Koren hasken ya riƙa lilo a kan hannayenta.

"Mu biyu ne," ta ce daga baya.

"To ke kina ba ta ta ƙasa, mai gida yana ba ta ta sama, kun haɗu kun kashe ta da kirki. Ba kwa magana ne a gidan naku?"

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau, ya bar zancen. Ya ɗauko reza, ya zaɓi ganye ɗaya daga tsakiya mai sauran ƙarfi, ya yanke shi da ɗan sandansa. Ya cika ƙaramin kofin roba da sabuwar ƙasa mai yashi, ya soka ganyen a karkace.

"Uwar ta tafi, kada in ruɗe ki. Amma wannan, in an yi sa'a, zai yi saiwa ya fitar da 'ya'ya a gindinsa. Mako shida, wataƙila takwas. Wuri ɗaya za a ajiye shi, ba jijjiga, ba yawo. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi ruwa. Ɗaya na ce, 'yata."

Ƙarfe ɗaya da rabi ta fito daga rumfar. Maimakon ta yi dama zuwa gida, sai ta tare bas ta yi hagu, kofin a tsakanin tafukanta, tana tare shi duk lokacin da motar ta faɗa rami.

Rabonta da shagon Injiniya tun kafin cikin ya fito. Firji sun yi layi tun daga bakin ƙofa, wasu a buɗe, wasu an kwantar, wasu suna gurnani ƙasa-ƙasa. Ta bi tsakaninsu kamar mai ratsa wani farin gari da mutanensa suka yi ƙaura. A can ƙurya ta ga ƙafafu biyu sun leƙo daga bayan wata babbar firiza.

"Injiniya."

Sifana ta faɗi a siminti. Ya fito da baya-baya, kansa duk yanar gizo-gizo, ya miƙe yana kallonta kamar wanda aka tasa daga barci.

"Malama? Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Kai kake zuba wa fulawata ruwa?"

Ya dubi kofin, ya dubi ƙasa. Ya ɗauki tsumma ya fara goge yatsun da ba su da datti.

"Tambayarka nake yi."

"Kaɗan ne," ya ce. "Da asuba, kafin ki tashi."

"Tun yaushe?"

"Tun kina asibiti. Na dawo ɗaukar miki kaya, na taɓa ƙasar na ji ta bushe ƙamas. Na ce kada ki dawo ki tarar ita ma..." Ya murɗa tsumman a hannunsa. "Daga baya na ga tana kwanciya, ban kuma taɓa ganin kin zuba mata ba, na ce ko kallonta ne ba kya iya yi. Sai na ƙara."

"Da ruwan firji!"

"To da wane ruwa? Wanda kake ji da shi ai ruwan sanyi kake ba shi. Kwalbarta daban na ware, tana can bayan robar man shanu. Har tacewa nake yi."

Dariya ce ta taso mata, ta haɗu da kuka a maƙogwaro, suka fito tare. Ta zauna a kan wata ƙaramar firji da aka kwantar, tana riƙe da kofin da kyau kada ya girgiza.

"Ka kashe ta, Injiniya. Ni da kai muka kashe ta. Ina ba ta ta ƙasa bayan ka fita, kana ba ta ta sama kafin in tashi."

"Ta ƙasa? Ta ina ruwa yake shiga ta ƙasa?"

"Kai da kake gyara injin da ya fi ka nauyi, ba ka san tukunya tana da rami ba?"

Ya durƙusa a gabanta. Firji suka ci gaba da gurnaninsu. Ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abin da ba ta lura da shi ba a gida.

"Washegari ka tafi aiki," ta ce a hankali. "Ko kwana ɗaya ba ka zauna ba."

"In na zauna zan yi kuka a gabanki, ke kuma ga ki ko tsayuwa ba kya iyawa. Nan nake zuwa in shige bayan wannan firizar. Ba abin da ya same ta, lafiyarta ƙalau. Sau huɗu mai ita yana aikowa."

"Gadon fa? Wa ka ba?"

Ya nuna sama da haɓa. A kan katakon da ke ƙarƙashin rufi, ga ɗan gadon nan an naɗe shi da ledar da ake kawo sabuwar firji a ciki, an ɗaure kowace ƙafa da igiya. Hasken da ke shigowa ta hujin kwano ya sauka a kan ledar, ƙura na iyo a cikinsa. Malama ta daɗe tana kallo.

"Na ga jakunkunan tun jiya," in ji shi. "Na tsaya a bakin ƙofa na haɗa magana, na rasa ta inda zan fara, sai na je na ba fulawar ruwa."

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Auta, na fito da wuri, ga ni a ƙofar gidanku ina ta buga ƙofa. Kina ina?"

"Ina shago."

"Wane shagon? Nasa? Ya hana ki tafiya ne? Ba shi wayar!"

Ta dubi Injiniya. Bai ce ta zauna ba, bai ce ta tafi ba. Ya dai sa hannu biyu a ƙarƙashin nata ya tallafe kofin, don ta samu ta riƙe wayar da kyau.

"Yaya, ka yi haƙuri, na sa ka tahowa. Ba yau ba."

"Ba yau ba? Sai yaushe?"

"Akwai wani ganye da aka ce kada a jijjiga shi, mako shida ko takwas."

"Ganye? Ganyen me? Auta, kanki ɗaya kuwa? Na baro aikina, na ratso gari cikin wannan rana, saboda ganye?"

"Ka zauna a inuwa, ga mu nan zuwa. Zan dafa maka abin da kake so."

"Ki gaya wa mijin naki ya taho da lemo mai sanyi, tunda abin da ya iya ke nan!"

Injiniya ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo tun rana na tsaka, abin da maƙwabtansa ba su taɓa gani ba. Bas biyu suka tsaya musu, ta girgiza kai, ta ce ramukan hanyar sun yi yawa. Suka kama tafiya a ƙasa ta gefen inuwa.

"Tsohon ya ce mutum ɗaya zai riƙa ba shi ruwa," ta ce.

"Ke ce mana. Ni na tuba."

"A'a, kai ne. Amma sai ina zaune a wurin, kuma sai ka yi mini magana har ya gama sha."

"Minti nawa yake yi yana sha?"

"Ashirin."

"Ashirin!" Ya sosa ƙeya. "Malama, ni fa maganata ba ta wuce minti biyu."

"Fara yanzu, gida da nisa."

Ya karɓi kofin daga hannunta, ya rage sauri, ya yi gyaran murya. Sai da suka wuce shago uku kafin ya ce, "Tun kina da cikin na zaɓa wa yaron suna, ban gaya miki ba."

Ta matso kusa da shi don ta ji da kyau.