Mai Fenti da Guraben Turanci

Ni mai fenti ne, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Amma duk wanda ya ce babu hannuna a karatun maman yara, to ya zo mu zauna.

Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar Turanci ta shiga makarantar koyon jinya. Bana ce damarta ta ƙarshe, don shekarunta sun kai iyakar da ake ɗauka. Abin da ke kayar da ita cike gurbi ne: a ba ka labari an cire wasu kalmomi, a ce ka mayar da su. Ita kuwa da ta ci karo da gurbin da ya fi ƙarfinta, sai ta tsaya cak, ta yi ta zufa a kansa har a karɓe takarda.

Sai na kwaso tsofaffin jaridun Turancin da nake shimfiɗawa a ƙasa wurin aiki. Kullum da la'asar in ɗauki ƙaramin buroshi in bi layi ina shafe kalmomi da baƙin fenti, in ajiye mata a kan teburin guga.

Ranar farko ta kusa cinye ni ɗanye.

"Haba Baban yara! Sunan mutum fa ka shafe, da lambar waya. Ni bokanya ce?"

"To ni na san wanne ne wanne? Tsallake ki yi gaba, Likita."

Ta ja tsaki, ta tsallake. Haka muka yi ta yi, ina shafe-shafena na makaho, tana tsallakewa tana mita. Ashe in ta kai ƙarshen labari ta dawo baya, rabin guraben da kansu suke buɗewa. Kafin wata ya zagayo ta daina tsoron baƙin tabo, har tana cewa in ƙara.

Ranar da sakamako ya fito, sai ta tsaya bakin ƙofar makarantar tana salati. Ni na kutsa cikin jama'a har gaban allon da aka liƙa takardar sunayen waɗanda suka ci. Ban gane komai a jikin takardar nan ba, amma sunan matata ko cikin barci na san shi. Ga shi nan cikin waɗanda aka ɗauka! Na ɗora yatsa a kai, wallahi ji nake kamar ƙirjina zai fashe don alfahari.

Wani ya dafa ni ta baya. "Malam, matsa mana mu ma mu gani."

Na ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, ban gama karantawa ba."