Ƙofar Alhaji Maje

"Dawo baya, Alhaji! Za ka cire madubi!"

Malam Bulus ne, maƙwabcin Alhaji Maje a Daurawa, yake ta ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya. Alhaji ya taka birki, gumi na zuba. An naɗe madubai, an gwada ta gaba, an gwada da baya, motar nan ta ƙi fita daga gidan.

Laifin wani tsohon hoto ne, baƙi da fari, na Ƙofar Ɗan'agundi tun tana ta ƙasa, ga wani mutum da jakinsa suna shiga. A gindin ƙofar aka haifi mahaifin Alhaji, shi ya sa yake son hoton kamar ransa. Da zai tafi Umara sai ya miƙa wa Ɗan'azumi magini, ya ce a rushe get ɗin gidan a gina irinta sak. Motar kuwa tana tsakar gida a lulluɓe da tamfol, babu wanda ya tuna da ita.

Aka kira Ɗan'azumi, ya zo yana murmushi, shi a dole yabo zai sha.

"Kai, da me ka auna faɗin nan?"

"Da jaki mana, Alhaji. Na aro na masu yashi, har da mangalarsa. Yadda ya shige a hoto haka ya shige a nan, wallahi ko gogar bango bai yi ba."

Malam Bulus ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Hajiya Safiyyah, matar gidan, ta leƙo. "Sai a fasa gefe ɗaya ai. Mota muka saya, ba kayan ado ba."

Ɗan'azumi ya ɗauko guduma, jiki a sanyaye. Alhaji ya fito daga motar ya ɗaga kai. Ga zankwaye, ga azara, ga jar ƙasar da aka shafe da hannu har sawun yatsu ya fito. Sai ya ji kewar mahaifinsa ta kama shi, idonsa ya ciko.

"Ajiye gudumar nan."

"To motar fa?" in ji Hajiya.

"Ina ruwan ɓarawo da ita yanzu? A mayar mata da tamfol."

Ya gyara hularsa, ya bi ta ƙofar a ƙafa, a hankali, kamar mai shiga birni. A bakin titi ya ɗaga wa mai adaidaita hannu.

"Gyaɗi-Gyaɗi," ya ce, makullin motar na hannunsa.